Ƙwan da Inna take bari a akurki

Inna ba ta taɓa kwashe ƙwai kakaf daga akurki ba. Ko baƙi ne suka sauka ana neman abin soya musu, ko ranar kasuwa ce ana haɗa kwabo da kwabo, sai ta bar guda ɗaya. Takan ɗauki gawayi ta ja masa layi a ciki don kada a rikita shi da sabo, ta mayar da shi inda ta same shi. Ina 'yar shekara bakwai na tambaye ta dalili. Ta ce, "Ke, kaza in ta dawo ta tarar da wurin wayam, sai ta ɗauka muzuru ya gane gidanta, ta tafi bayan rumbu ko cikin kara ta saka inda ba mai gani. In kuwa ta ga nata na nan, hankalinta ya kwanta, sai ta ɗora wani a kai." Ni ce 'yarta ta fari, don haka ba ta kama sunana. "Ke" ce, ko "'yar nan", har ta koma ga Mahaliccinta.

A wani ƙauye muka tashi, ba nisa da Funtuwa. Baba manomi ne, auduga da dawa da masara, amma duk wani abu mai fiffike a gidan na Inna ne: kaji, zabi, da agwagi 'yan kaɗan da ke wanka a kwatamin bayan gida. Ba ta yi boko ba ko na rana ɗaya, amma lissafin kwanci yana kanta daram. Ƙwan kaza kwana 21, na zabuwa ya kai mako huɗu, na agwagwa sai an yi haƙuri har kwana 35. Da damina zabi kan shiga ciyawa su taru su zuba ƙwai wuri guda, mu yara a aike mu mu bi sawunsu. In mun gano wurin, da ludayi muke ɗiba, saboda Inna ta ce zabuwa ba ta son hannun mutum a kan ƙwanta, kuma dole mu bar mata biyu ko uku. Waɗanda muka kawo gida kaza ake sa wa, don zabuwa ba ta iya reno ba, sai ta ja 'ya'yanta cikin raɓa su mutu. In za ta haɗa wa kaza ƙwanta da na zabi, Inna kan riga sa na zabin da mako guda, don a ƙyanƙyashe tare. Haka kuma da sanyi ya fara kaɗawa, takan rage kajin ta kai kasuwa, saboda ta san cutar hunturu na tafe, wadda ke murɗe wa kaza wuya ta sa ta zawo kore, ta share gida cikin mako ɗaya. Sai da na shiga jami'a na ji cewa masana na kiran cutar da sunan wani birni a arewacin Ingila, Newcastle, ɗaya daga cikin wuraren da aka fara gane ta wajajen 1926 zuwa 1927.

Turanci kuwa a wurina harshen ofis ne, harshen mutanen da ba su taɓa taka kashin kaza ba. Da shi nake fatan in bar tsakar gidan nan. A aji huɗu na sakandare malaminmu ya rubuta mana karin maganar Turawa a allo, ya ce mu haddace saboda jarrabawa. A cikinsu akwai "don't count your chickens before they are hatched". Da na zo hutu ina bita da ƙarfi a ƙarƙashin darbejiya, Inna tana tankaɗen dusa, ta ce me nake faɗa haka. Na ce wai kada ka ƙirga 'yan tsakinka tun ba a ƙyanƙyashe su ba. Ta dakata da rariya a hannu ta ce, "Ashe Turawa ma suna kiwo?" Sannan ta ce, "Wanda ya faɗi wannan ya taɓa sa wa kaza ƙwai goma sha biyu ya sami bakwai. Mu ma ai mun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki." Na rubuta jimlar a jarrabawa na sami maki, ban sake tunawa da ita ba.

Allah da ikonsa, abin da nake gudu shi na je na karanta. Na sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello, fannin kimiyyar dabbobi a Samaru, aka riƙa kai mu Shika muna ganin yadda ake fitar da irin kajin ƙwai da suka dace da zafin ƙasarmu. Bayan bautar ƙasa na yi aure, a 2005 kuma na buɗe 'yar gona a bayan gari. Na kwashe adashina, na karɓi rance wurin 'yan uwa uku, na zuba 'yan tsaki 800 na gidan gona. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake lissafi a ciki da dare: in sun fara saka a mako na 18 zuwa na 20, zan riƙa ɗaukar ƙwai wajen 650 a rana, kiret 21 ke nan da 'yan kai, wata kaza in biya wane, wata kaza in biya wance, kafin shekara in ƙara ɗaki na biyu. Har kuɗin aikin Hajjin Inna na sa wa wata a littafin.

A watan Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye, nau'in H5N1, a jihar Kaduna, karon farko a nahiyar Afirka. Kajina na mako na 17. Wata safiya na buɗe ɗaki na tarar da talatin a kwance, fuskokinsu sun kumbura, zankayensu sun yi shuɗi-shuɗi. Washegari ɗari da wani abu. Ran na huɗu ma'aikata suka zo cikin fararen kaya da takunkumi, suka kashe sauran, aka haƙa rami aka zuba aka rufe. Ko ƙwai ɗaya ban ɗauka ba a gonar nan. Na tsaya bakin ramin, kalmomin da na haddace a aji huɗu suka dawo mini da Turancinsu, ɗaya bayan ɗaya, sai a ranar na san abin da suke nufi.

Na yi makonni kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki. Masu bashi ba su matsa ba, amma ni na kasa haɗa ido da su a wurin suna ko biki. Ana nan sai ga Inna ta zo a motar kasuwa, ba ta aiko ba. Ta shiga ɗakina ta zauna a tabarma, ta kwance gefen zaninta ta fito da tsohon gwangwanin madara. Cikinsa kuɗi ne a nannaɗe da leda, 'yan Murtala da 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, wasu har sun yi laushi don daɗewa. Kuɗin zabin da take sayarwa duk Sallah ne, na shekara da shekaru, wanda ko Baba bai san yawansa ba. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, "Ke, ba a barin akurki wayam. Ki biya wanda ya fi ba ki kunya, ki bar kaɗan ki ɗora a kai." Kuɗin bai kai rabin bashin ba. Amma da shi na miƙe. Bayan wata shida ta aiko mini da kajin Hausa uku da zakara ɗaya a cikin kwando.

Na kama aikin koyarwa, na biya bashi a hankali. A 2011 na sami tallafin ƙaro karatu, digiri na biyu kan abincin dabbobi, a Jami'ar Nottingham, reshenta na aikin gona da ke ƙauyen Sutton Bonington. Na bar yara biyu wurin maigida da ƙanwata, na sauka Ingila a watan Satumba.

Ban yi mako ba aka kira ni agwagwa. Na hau bas zuwa cikin gari, na miƙa kuɗi, direban ya ba ni tikiti ya ce, "There you go, duck." Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni kaɗai ce baƙar fata a motar, ni kaɗai ce da hijabi. A wurinmu in an ce wa mace agwagwa, ai ƙazanta ake nufi, ko haɗama, ko an raina tafiyarta. Na zauna a kujerar baya ina haɗiye hawaye, ina tunanin shin hijabina ne ya gani ko yadda na hau matakalar. Kwana uku ban faɗa wa kowa ba. Ran na huɗu, a wani ɗan shago, na ji mai shagon ta ce wa wani ƙaton dattijo mai furfura "duck", shi ma ya amsa mata da "duck", suka yi murmushi ya fita. Na tambayi wata abokiyar karatuna, ta ce a wannan yanki, daga Nottingham zuwa Derby har Stoke, haka ake kiran mutum don sakin fuska, mace ko namiji, sani ko baƙo, kamar yadda mu za mu ce "'yar uwa" ko "ɗan uwa". Ita 'yar Glasgow ce, ta ce a garinsu kuma "hen" ake ce wa mace, wato kaza, kuma kakarta ba ta da wani suna da take kiranta da shi sai wannan. Na tuna Inna da "'yar nan" ɗinta. A daren na sayi ƙaramin littafi na fara rubuta duk wata magana ta Turawa da na ji tsuntsun gida a cikinta. Kafin in bar ƙasar na cika shi.

Farkon Oktoba aka ce za a yi "Goose Fair", wato kasuwar dinya, wadda ake ci a Nottingham duk shekara tun fiye da shekara 700. Ni mai kiwo, na ɗaura niyyar zuwa in ga irin dinyarsu, in ji farashi. Na tarar da fili maƙil da lilo da fitilu da kiɗa da masu sayar da alewa, babu tsuntsu ko ɗaya. Aka ba ni labari cewa a da, dubban dinya ake korowa da ƙafa daga Lincolnshire da Norfolk, a bi da su ta cikin kwalta mai ɗumi da yashi don tafin ƙafarsu ya jure tafiyar, kamar dai yadda fatakenmu suke kora shanu zuwa kurmi kafin zuwan jirgin ƙasa. Sunan ya tsaya, tsuntsun ya tafi. Wannan abu na yi ta gani a Turancinsu. Matashin da zai ce maka an aike shi "wild goose chase", wato neman abin da ba za a samu ba, bai taɓa bin tsuntsun daji ba. Wanda zai ce tsigar jikinsa ta tashi, ya kira abin "goose bumps", bai taɓa fige dinya ya ga yadda fatarta ke yin ƙuraje-ƙuraje ba. Mai cewa albashinsa "chicken feed" ne, wato bai taka kara ya karya ba, da ya san cewa abinci ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin mai gidan gona, da ya nemi wata kalmar. Kakanninsu da suka ƙirƙiri maganar tsaba suke watsa wa kaji a tsakar gida, irin ta Inna.

A aji kuwa, wani malami ya kawo mana batun "pecking order". Turawa na amfani da wannan a ofis da siyasa da gidan sarauta, suna nufin jerin wane ya fi wane. Asalinsa wani masani ne ɗan ƙasar Norway, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda tun yana ɗan shekara goma yake zama yana kallon kaji yana rubuta wacce ke saran wacce. A 1921 ya fitar da sakamakonsa: a kowane garke akwai kazar da ke saran kowa ba mai rama mata, akwai ta biyu da ke saran kowa ban da ta farko, haka har zuwa ta ƙarshe da kowa ke sara, ita ce ke cin saura ta kwana a bakin ƙofa. Ina sauraro ina ganin tsakar gidanmu. Inna ta san uwar garkenta, ta san ta ƙarshe, har takan ware wa ta ƙarshen dusa a wani kasko daban bayan ɗaki. In ta sayo sabuwar kaza ba ta sakinta da rana. Sai duhu ya yi kowa ya kwanta take tura ta cikin akurki, ta ce in sun wayi gari tare faɗan ba ya yin tsanani. Na ɗaga hannu na faɗi wannan a aji. Malamin ya ce masu kiwo a Ingila ma haka suke yi, ya tambaye ni a wane littafi na gani. Na ce mahaifiyata ce.

Akwai wadda ban yarda da ita ba, kuma har gobe ba zan yarda ba. A Turanci in an ce wa mutum "chicken", matsoraci ake nufi, in ya janye daga abu don fargaba a ce ya yi "chicken out". Duk wanda ya fara faɗin wannan bai ga kaza mai 'ya'ya ba ranar da shaho ya kawo farmaki. Ni na gani da idona. Wata 'yar jar kazar Inna, wadda ba ta kai nauyin mudun gero ba, ta yi ƙara ɗaya 'yan tsaki suka ɓace cikin dangar kara, ita kuma ta baza fukafukai ta tashi sama ta tari shahon da ƙirjinta. Ta sauko da jini a wuya, amma bai tafi da ko ɗaya ba. Hausawa sun fi yi mata adalci da suka ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, don sun gane tsoron nata na abin da take karewa ne. Na kuma lura cewa macen ce ke shan suka a bakinsu. Mijin da matarsa ta fi ƙarfinsa "henpecked" ne, wai kaza ta caccake shi. Wanda ke juya gida kuwa an ce yana "rule the roost", kamar zakara a kan katanga. A nan dai mun yi tarayya da su, don mu ma gwanin kowane fage zakara muke ce masa, ba mu taɓa cewa kazar gasa ba. Zakaran nasu ma ya bar sawu a inda ban zata ba. Wurin zaman matuƙin jirgin sama, "cockpit", asalinsa ramin da ake haɗa zakaru faɗa ne ana caca, wasan da aka haramta a Ingila tun 1835.

Takardar izinin zamana ta ba ni damar aikin awa 20 a mako, sai na sami wata ƙaramar gonar ƙwai a karkarar Leicestershire, inda kaji ke yawo a fili. Lokacin ana ta maganar dokar Tarayyar Turai da ta hana tsare kajin ƙwai a matsattsun keji daga Janairun 2012. Aikina tattara ƙwai, duba su a fitila, jera su a kiret. Mahaifiyar mai gonar tsohuwa ce da ta haura tamanin, tana da nata 'yan kaji goma sha biyu a bayan ɗakinta waɗanda ba ta yarda kowa ya taɓa. Ita ma "duck" take ce mini, zuwa lokacin kuwa har daɗin sunan nake ji. Daga bakinta na kwashi rabin littafina. In abu ya yi wuyar samu ta ce ya kai "hen's teeth", haƙoran kaza. In gwiwarta ta motsa ta ce ita ba "spring chicken" ba ce, wato ta wuce sagara. In ɗanta ya yi mata faɗa kan hawa tsani, ta kalle ni ta ce "water off a duck's back", ruwa a bayan agwagwa, ba ya zama.

Gab da Kirsimeti gonar maƙwabta ta cika da talotalo, ni kuma na ga zabuwa a wani babban kanti, an fige an naɗe a leda, an kawo daga Faransa, da tsadar da ta sa na ajiye ta da sauri. Sunanta a Turanci "guinea fowl", tsuntsuwar Gini, sunan da Turawa suka daɗe suna kiran gaɓar tekun Afirka ta Yamma da shi. Zabuwarmu ce, da zanenta da komai. Da na bi diddigi sai na tarar ita ce ma ta jawo wa talotalo sunansa. Tun kafin Turawan Ingila su san talotalo, zabi na isa gare su ta hannun 'yan kasuwar daular Turkiyya, suna ce musu kajin Turkiyya. Da Sifaniyawa suka kawo talotalo daga Meziko a farkon ƙarni na 16, sai aka ɗauka dangin zabin ne, aka liƙa masa "turkey", sunan ya bi shi har yau. Faransawa sun ce daga Indiya yake, Turkawa da kansu "hindi" suke ce masa, Larabawa kuma zakaran Rum. Ko a sunan kimiyya rikicin bai ƙare ba, don kalmar Girkanci ta zabuwa, meleagris, ita aka ba jinsin talotalo. Na kira Inna a wayar ƙanena na ce mata zabinta sun riga ni zuwa Ingila da shekara ɗaruruwa. Ta ce, "Zabuwa ai ba ta zama gida, ko a ina ne sai ta je."

'Yan siyasarsu ma ba su bar tsuntsayen nan sun huta ba. Shugaban da wa'adinsa ya zo ƙarshe, an zaɓi magajinsa amma bai sauka ba, "lame duck" ne, gurguwar agwagwa. A kasuwar hannun jari ta Landan maganar ta fara a ƙarni na 18, ana faɗa wa dillalin da ya kasa biyan bashi, daga baya ta zauna a Amurka, inda aka gyara tsarin mulki a 1933 aka dawo da rantsar da shugaba daga 4 ga Maris zuwa 20 ga Janairu don a rage wannan zaman gurguntaka. A 1979 kuma, da ƙananan jam'iyyu suka goyi bayan ƙuri'ar da ta kayar da gwamnatin firaministan Birtaniya James Callaghan da ratar ƙuri'a ɗaya, ya kwatanta su da talotalon da suka zaɓi a gaggauta Kirsimeti. Duk wanda ya ga yadda kasuwar kaji ke cika ana jajibirin Sallah ba ya buƙatar fassara.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari ya faru ne wata Asabar a watan Fabrairu. Tsohuwar nan ta kwanta mura, ta ce in duba mata kajinta. Na buɗe ɗan akurkinta na katako na kwashe ƙwai, sai na ji ɗaya ya fi sauran sanyi da nauyi. Na ƙwanƙwasa shi da farce ya yi ƙara irin ta tangaran. Na kai mata na ce wannan fa? Ta ce in mayar da shi maza, na mahaifiyarta ne, ƙwan tangaran ne da ake bari don kaza ta ga wurin ba wayam ba ta ci gaba da saka a nan. Ta ce, "That's the nest egg, duck." Na tsaya cak. Na sha ganin wannan kalma a tallan banki a tashar jirgin ƙasa, na san tana nufin kuɗin da mutum ke tarawa a ɓoye saboda tsufa ko ranar wuya, amma ban taɓa tambayar kaina me ya haɗa ajiya da ƙwai ba. Ashe ƙwan Inna ne mai layin gawayi. Ashe gwangwanin madarar nan da ta kwance daga gefen zaninta yana da suna a harshen da na koya don in yi nisa da tsakar gidanta, kuma sunan daga akurki aka ɗauko shi. Na zauna a bakin gadon matar nan da ƙwan a hannuna na yi kukan da ban yi ba a bakin ramin 2006. Ba ta tambaye ni komai ba sai da na yi shiru. Na ba ta labarin Inna tun daga farko, da zabi da ludayi da gwangwani. Ta ce mahaifiyarta ma da kuɗin ƙwai ta saya mata takalmin makaranta a lokacin yaƙi, don a gonakinsu ma kuɗin ƙwai na uwargida ne, maigida ba ya taɓawa.

Magana ta ƙarshe da na rubuta a littafin ita ce "chickens come home to roost". A wurinsu kalma ce mai nauyi: sharrin da ka shuka zai dawo ya kwana a gidanka, kamar yadda kaji ke dawowa makwanci. Da ita Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, ya yi magana a ranar 1 ga Disamba 1963 kan kisan shugaban Amurka Kennedy, abin da ya sa ƙungiyarsa ta hana shi magana a bainar jama'a na kwana 90. Na fahimci ma'anar, amma kunnena ya ƙi jin ta a matsayin barazana. Ni abin da take kawo mini shi ne magariba a ƙauyenmu, ana kiran salla, hayaƙi na tashi daga madafi, kaji na shigowa ɗaya bayan ɗaya, zabi na hawa tsamiya da surutunsu, Inna tsaye bakin akurki tana ƙirgawa da leɓe, ba ta rufe ƙofa sai ta ga ta ƙarshe ta shiga. A watannin ƙarshe na karatuna, in rana ta faɗi sai in ji ana ƙirgawa a gida ba a cika ba.

Ranar da na je sallama, tsohuwar ta naɗe ƙwan tangaran ɗin a hankici ta sa mini a aljihun kwat. Na ce na mahaifiyarta ne. Ta ce jikokinta a birni suke, ba wanda zai san amfaninsa, in kai wa Inna.

Na dawo a ƙarshen 2012. Na tarar idon Inna ya fara yin hazo, amma kajinta na nan. Bayan an gama gaishe-gaishe an watse, na fito da shi na sa mata a tafin hannu. Ta juya shi, ta auna nauyinsa, ta kai kunne ta girgiza, ta ƙwanƙwasa da farce. Na gaya mata wadda ta aiko da shi, da sunan da Turawa ke kiransa, da abin da sunan ya koma nufi a bakinsu. Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "Allah sarki. Tana da 'ya mace?" Na ce namiji ne ɗaya. Ta ce, "To ki riƙa kiranta kina gaishe ta." Ta tashi da kanta ta dafa bango har akurki, ta ɗauke mai layin gawayin ta ba ƙanwata ta ce a dafa wa yara, ta ajiye na tangaran a gurbinsa. Washegari da hantsi muka ji kyarkyara. Ta ce in je in duba. Na tarar da sabon ƙwai, da ɗuminsa, jingine da shi.

Na riƙa kiran tsohuwar duk Sallah da duk Kirsimeti har shekarar da ɗanta ya ɗauki wayar ya gaya mini. Inna ta rasu a 2016, da damina, zabi na tsakiyar saka. Da aka zo rabon 'yan kayanta na ce ba na son komai sai ƙwan. Yanzu ina da kaji 2,000 a gidan gona, amma a bayan ɗakina akwai akurkin ƙasa da kajin Hausa tara, jikokin ukun nan da ta aiko mini a kwando. Ƙwan na ciki. Autata ce ke kwashe ƙwai da safe kafin ta tafi makaranta, kuma ta san wanda ba a ɗauka.